Gidan Makama Ba Wurin Leƙe Ba Ne: Gyara Ga Shirin Tafiyar Kano



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, aka karanta mana tsarin tafiyar da kwamitin unguwa ya shirya wa 'ya'yanmu zuwa Kano a hutun ƙarshen zango. Na kasa kunne da kyau. Kantin Kwari an ba shi awa uku, gidan zu awa biyu, Gidan Makama kuwa minti arba'in. Da na ɗaga hannu, sai wani ƙanena ya ce, "Haba Malam, tsofaffin tukwane ne fa da hotuna, me za a daɗe ana kallo?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai, domin kuɗin nan karo-karo ne, akwai iyayen da sai da suka taɓa jarinsu kafin suka biya. In har za a ɗebi yara daga Kontagora zuwa Kano, a sha wannan doguwar hanya, to ya kamata a san abin da aka je gani.

Sau uku ina shiga gidan nan. Na farko ina ɗalibi, aka kora mu ciki kamar awaki, muka fito ta ɗaya ƙofar, ban riƙe komai ba sai ƙishirwa. Na biyu na raka baƙo. Na uku ne na je ni kaɗai, na zauna har azahar, kuma a ranar na gane ashe sau biyun farko ban je ba.

Gidan kansa shi ne abin kallo na farko

Gidan Makama yana cikin birni, daura da Gidan Sarki. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Rumfan nan shi ya gina Gidan Sarki na yanzu, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shaihu Al-Maghili ya sauka Kano. Da Turawa suka ci garin a 1903, sun mai da gidan ofis na wani lokaci, daga baya wani sashe ya zama makaranta. Yanzu hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi, da ɗakunan nuni goma sha ɗaya.

Kuskuren da yawancinmu muke yi, muna shiga sai mu duƙa kan akwatunan gilashi. A'a, fara ɗaga kai. Dubi yadda bakan gizo ya taso daga jikin bango, ya lanƙwaso, ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne da azara. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki ita kaɗai. Sai magina suka yi dabara: a kafa ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har a rufe soro mai faɗi. Wannan lissafi ne, ba sa'a ba. Sa'an nan ka tsaya ka ji sanyin ɗakin da rana tsaka, ka tuna ɗakunanmu na bulo da kwano a watan Afrilu. Yaron da ya fahimci wannan, ba zai ƙara ce wa ginin ƙasa ginin talauci ba.

Amma a faɗa wa yara gaskiya. Ba kowane bango da za su gani ne ƙasar da aka kwaɓa a zamanin Rumfa ba. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa: damina ta zaizaye, rani a gyara, wani sashe ya faɗi a tayar. Abin da ya kai shekara ɗari biyar shi ne wurin da kuma sanin yadda ake ginin. A ganina wannan ya fi ban mamaki, don yana nufin ba a taɓa rasa mai iyawa ba.

Abin da gidan ya iya

Inda gidan ya fi burge ni shi ne yadda yake bin labarin Kano daki-daki. Za ka ga taswirar ganuwa da ƙofofinta, ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Akwai sashen Kano a ƙarni na 19, da na Basasa, yaƙin da aka gwabza tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Akwai na zuwan Turawa, na ilmin addini, na sana'o'i, na kayan kiɗa, har da ɗakin amarya da jerensa.

A sashen zuwan Turawa nake roƙon malaman da za su raka yara su tsaya su haɗa musu zare, domin labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A farkon 1901 sojan Turawa suka auka wa Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga garin. A 1902 Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru, Zungerun nan da muke ratsawa in za mu Minna. A Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Kun ga ke nan wutar da ta ci Kano, ta nan ta fara bi. Yaro in ya ji haka, hoton da ke jikin bango ya daina zama na wasu can, ya zama nasa.

Ɗakin amarya kuwa, wallahi kada a wuce shi da dariya. 'Yan matanmu su tsaya su dubi yadda ake jere tun kafin zuwan kabet da kujerun kushin. Jere ba tara kaya ba ne kawai. Shi ne asusun mace, kuma shi ne gwanintar uwa da gwaggo: me za a sa sama, me zai zauna ƙasa, wane launi zai bi wane.

Inda labarin ya gaza

To, ga inda nake da magana. Tarihin da muka gada na sarakuna ne. Littafin Tarihin Kano zai gaya maka wane ya gaji wane, shekara nawa ya yi, wa ya yaƙa. Ba zai gaya maka sunan maƙerin da ya ƙera takobi ba, ko masaƙin da ya saƙa saƙi, ko maɗinkin da ya yi wata da watanni yana zuba aska takwas a ƙirjin riga. Matan da suka kaɗa zaren da mazari, babu mai ambatonsu. Bayin da suka nome audugar da babar a rinji, su ma haka. A magina ma, in ka cire irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sunaye nawa muka riƙe? Duk gidan tarihin da ya tsaya kan wannan gado, dole giɓin ya bi shi, kuma mai kallo in bai yi hattara ba, zai fito da jerin sunayen sarakuna kawai, kamar mai shirin jarrabawa.

Wannan giɓi mu ya fi shafa. Mu nan unguwar, yawancin kakanninmu ba 'ya'yan sarauta ba ne. Fatake ne, marina, dukawa, mahauta, almajirai, waɗanda suka taso daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suka yada zango a nan. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi jinjina wa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a garin, ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Hannun wa ya yi wannan aiki? Na irin kakanninmu. Saboda haka a Gidan Makama, rabonmu yana cikin kayan, ba cikin jerin sunaye ba. Maganin giɓin kuwa tambaya ce. Kowane abu aka nuna, yaro ya tambaya: wa ke yin irinsa, da me ake yi, kwana nawa yake ci, har yanzu ana yi? Tambaya huɗu ke nan, kuma minti arba'in ba zai ɗauke su ba.

Ba mu kaɗai ke da ciwon gaggawa ba. A gidan Louvre da ke birnin Faris, mutane kan yanki tikiti ta intanet tun kafin su baro ƙasarsu, su yi layi, su isa gaban zanen Mona Lisa, su ɗaga waya, su juya. Sun je, amma ba su gani ba. Gani ya kori ji, haka ne, amma sai in an tsaya an gani.

Yadda nake ganin a tsara

Na ɗaya, a ba Gidan Makama safiya guda cur. A isa da wuri kafin rana ta take, kafin kuma wasu makarantu su cika wurin. A kauce wa Juma'a, domin babban masallacin birni yana nan kusa, hanya takan cushe tun hantsi. Haka ma kwanakin Sallah.

Na biyu, maganar tikiti. A ƙofa ake biya, kuma kuɗin shiga yakan canza. Kwamiti ya sa wani ɗan'uwa da ke Kano ya je da ƙafarsa mako biyu kafin tafiya, ya kai takarda ga shugaban gidan mai ɗauke da rana da yawan yara da manya. Ya tambayo kuɗin yaro da na babba, da lokacin buɗewa da rufewa, da ƙa'idar ɗaukar hoto. A riƙe tsabar kuɗi da canji a hannun mutum ɗaya, a karɓi rasit, don in an dawo a yi wa iyaye bayani ba tare da ƙananan maganganu ba.

Na uku, mai zagayawa da baƙi. A nemi ma'aikacin gidan, kada a dogara da duk wanda ya tare mu a bakin titi yana cewa ya san komai. A gaya masa tun farko da Hausa muke so, kuma daga Kontagora muke. A raba yara rukuni-rukuni, kada su wuce goma sha biyar, domin ɗakunan ba filin ƙwallo ba ne, na baya ba ya jin abin da ake faɗa. In an gama, a yi masa ihsani. Wanda ya yi awa biyu yana amsa tambayar yara ya ci goronsa.

Na huɗu, kowane yaro ya zo da littafi da fensir. Ya zaɓi abu ɗaya tak, ya zana shi, ya rubuta abin da aka ce a kansa. Waya ta zauna a aljihu sai an fito tsakar gida. Kuma a ja musu kunne: ba a taɓa kaya, ba a jingina da bango, ba a rubuta suna a jikinsa.

Na biyar, abin da aka gani a gilashi a je a gan shi da rai. Daga Gidan Makama a wuce marinar Ƙofar Mata, yara su ga karofi, su shaƙi warin baba, su ga yadda zane yake fitowa kore-kore iska ta mai da shi shuɗi. Daga nan a shiga Kurmi wajen dukawa da masu kayan doki. In da sauran ƙarfi, da yamma a hau Dala a hango birnin, a gwada taswirar da aka gani da safe. Kantin Kwari ba gudu zai yi ba, a ba shi washegari. Gidan zu ma ban ce a soke ba, yara ne.

Na shida, hanya. Kowa ya san halin da ake ciki. Kwamiti ya zauna da direbobin tasha a kan wadda za a bi, a yi tafiyar rana, in ta kama a kwana a hanya a kwana. Kada a matse lokacin kallo don a rama na tafiya.

Aikin da za a fara tun daga gida

Kafin a hau mota, kowane yaro ya zauna gaban kakansa ko kakarsa ya tambaya: daga wane gari muka zo, wace unguwa, wace sana'a ce tamu? Wanda aka ce masa gidansu marina ne, zai shiga Ƙofar Mata da wani ido daban. Tsofaffin nan kullum raguwa suke, kuma abin da ke kansu babu shi a kowane akwatin gilashi.

Iyaye mata, ku ma ga roƙo. Tsohuwar fanteka da tasa da ke ƙarƙashin gado, da rigar saƙin marigayi da ke ƙasan adaka, don Allah a daina miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin cefanen yini ɗaya. Irinsu ne za mu biya kuɗin mota mu je kallo a Kano.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, da shugabannin kwamiti, ba raina ƙoƙarinku na yi ba, Allah ya saka da alheri. Gyara ɗaya nake nema: a goge minti arba'in ɗin nan, a rubuta safiya. In an amince, ni na ɗauki nauyin littattafai da fensiran yaran, kuma zan riƙe rukuni guda.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.