Bencin Kafinta a Ƙuntataccen Shago

Idan katako mai ƙafa 12 ya iso ƙaramin shagon kafinta, abin da ake yi sananne ne: a ja benci zuwa bakin ƙofa, kan katakon ɗaya a ciki, ɗaya a waje a hannun yaron shago, masu wucewa su riƙa kaucewa. Maigida yana gunaguni wai shago ya yi kaɗan. Sau da yawa laifin bencin ne, don an ƙera shi kamar teburin cin abinci, faɗi ya yi yawa, nauyi babu.

Magabatan sana'ar ba haka suka auna shi ba. André-Jacob Roubo, kafintan birnin Faris da ya fara fitar da littafinsa kan aikin katako a 1769, ya zana bencin da har yau ake kwaikwayo. Tsawonsa daga ƙafa 6 zuwa 12, mafi yawa 9. Kaurin samansa inci 5 zuwa 6. Amma faɗinsa ƙafa biyu ne, ko ƙasa da haka kaɗan. A lura da wannan: mutumin da ke da fili isasshe, ya miƙe tsawo, ya tara nauyi, faɗi kuwa ya tsuke shi. Dalilin a jikin mutum yake. Inda hannu bai kai ba, ba wurin aiki ba ne, wurin tara ƙusa ne da gwangwanin gam da ƙura. Sannan idan za a kankare katako, a gefen gaba ake matse shi, bayan bencin ba ya tsinana komai. Nauyin kuma shi ke hana benci rawa lokacin da ake turzawa.

Akwai ma al'adun da suka nuna ana iya aiki ba benci ɗungurungum. Masassaƙinmu a ƙasa yake zama, ya danne icen da ƙafa, ya yi ta saran gizago har turmi ko akushi ya fito. Kafintocin gargajiya na Japan ma a ƙasa suke yawan aiki, kan wani guntun katako mai kauri, zartonsu kuma da jawowa yake ci, ba da turawa ba, shi ya sa ƙafa ta isa riƙo. Kayan aikin Turawa da muka gada turawa ake yi, dole sai da abin da zai tokare.

Ron Hickman, mai zanen motocin Lotus, ya zo da wata dabara bayan ya yanke kujerar gidansa da zarto garin yin kabad: benci mai naɗewa, wanda Black & Decker suka fara sayarwa a 1973 da sunan Workmate. Ga mai gyaran ƙofa da taga a gidajen mutane, madalla. Amma mai haɗa gado ko kabad zai ga abin na tsalle a gabansa, sai ya taka shi da ƙafa kafin ya natsu.

To, mai ƙaramin shago, ka rage faɗi zuwa inci 20 ko kusa da haka, ka jingina bayan bencin da bango, ka rataye zarto da guduma a sama. Tsawo kada ya gaza ƙafa 5, kuma ka bar sarari a kowane kai, musamman hagu idan kai badame ne, don nan katako da hannunka ke ƙarewa. Tsayinsa kuwa, miƙe tsaye ka saki hannu, ya zo maka wajen wuyan hannu. Kafin ka buga ƙusar ƙarshe, tura shi da ƙugu. In ya motsa, ƙara masa kauri a ƙafafu.