«Hanyar harshen uwa» ta Suzuki a ma'aunin ilimin harshe

1. Gabatarwa

A wannan ɗan nazari za mu duba littafin Shinichi Suzuki (1898-1998) da ya fito da Japananci a shekara ta 1966, aka kuma fassara shi da Ingilishi a 1969 da sunan Nurtured by Love. Littafin yana bayani ne a kan koyar da yara biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne marubucin ya ɗora tsarinsa gaba ɗaya bisa wani ra'ayi da ya shafi fanninmu: tun da kowane ɗan Japan yana jin Japananci, to kowane yaro zai iya kiɗa in an koya masa kamar yadda ya koyi harshen uwa.

2. Malamin da tsarinsa

An haifi Suzuki a Nagoya, inda mahaifinsa yake da masana'antar ƙera biyolon. Bai fara kaɗawa ba sai yana da shekara 17, ta hanyar kwaikwayon faifan Mischa Elman. Bisa ga labarinsa, ya yi shekara takwas a Jamus yana ɗaukar darasi shi kaɗai wajen Karl Klingler, ya komo gida a 1928. A 2014 makaɗin Amurka Mark O'Connor ya tuhumi wannan tarihi, mabiya Suzuki kuma suka mayar masa da martani. Wannan gardama ba ta taɓa abin da muke aunawa a nan.

Tsarin da ya kafa a Matsumoto tun 1946 ga shi a taƙaice. Yaro ya fara da shekara uku ko huɗu, da ƙaramin biyolon daidai hannunsa. Ya riƙa sauraron faifai kullum. Uwa ta halarci kowane darasi, ta zama malama a gida. Sai hannu ya faɗa ake shiga karanta rubutun kiɗa. Kiɗe-kiɗen kuwa an jera su cikin kundi goma, daga sautin da masu Faransanci suka sani da «Ah ! vous dirai-je, maman» har zuwa ayyukan Mozart.

3. Inda kwatancin ya tsaya da inda ya karye

Mun yarda da marubucin a kan abu biyu: kunne yana gaba da ido, kamar yadda magana take gaba da rubutu, kuma yaro yana ɗaukar abin da ya kewaye shi. Amma kwatancin ya karye a wuri uku.

Na farko, harshe ba a koyar da shi da darasi. Yaro lafiyayye, ɗan sarki ko ɗan talaka, yana kama nahawun harshensa kafin ya shiga lakwal, ba malami, ba biyan kuɗi. Biyolon kuwa yana bukatar malami, kayan kiɗa da uwa mai sukuni.

Na biyu, abin da yaro ke samu a harshe ƙa'ida ce, ba hadda ba. Yaron da ya ce *macoci a maimakon mata ya yi amfani da ƙa'idar jam'i ta mota/motoci. Haka ɗan Faransa mai cewa *prendu a maimakon pris. Ba su ji waɗannan kalmomi a bakin kowa ba, su suka ƙera su. Ɗalibin Suzuki yana maimaita abin da ke cikin faifai bi da bi, kuma duk inda ya kauce sai a gyara. A nan ɗan koyon goge na ƙasar Hausa, mai bin ubangidansa wuraren wasa yana sauraro har ya fara saƙa nasa kiɗan, ya fi kusa da mai koyon harshe.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, in aka ce kowane yaro zai iya, sannan wani ya kasa, laifin ba shi da inda zai sauka sai kan gida, musamman kan uwa. Babu uwar da ake zargi don ɗanta bai iya jam'i ba, domin harshe bai jiran ƙoƙarinta.

4. Kammalawa

Ba mu musun amfanin tsarin. Yara goma da Suzuki ya kai Amurka a 1964 sun nuna cewa horo da wuri yana yin abin da a da ake jingina wa baiwa kaɗai. Abin da muke cewa shi ne sunan bai dace ba. Tsari ne na sauraro, maimaici da hadda, kuma ya isa ya tsaya da ƙafarsa a haka. Mu da ke amfani da kalmar «harshen uwa» a aikinmu na kullum, wajibi ne mu lura da inda ake aronta don ƙarfafa hujja.