Kris Kristofferson: Waƙa ta Marubucinta Ce ko ta Mai Rera Ta?

An haifi Kris Kristofferson a jihar Texas a 1936, ya rasu a 2024. Ya karanci adabin Ingilishi a Oxford, ya tuƙa helikwafta a rundunar sojan Amurka. A 1965 ya ƙi aikin koyarwa a West Point, ya tafi Nashville, inda har shara ya yi a situdiyon Columbia.

Ƙarfinsa a rubutu yake. Jigoginsa su ne kaɗaici da nadama da sha'awa. Salonsa kuwa shi ne zana hoton abu ƙarami, kamar safiyar Lahadi a idon mashayin da ba shi da kowa, ya bar wa mai sauraro sauran.

Rauninsa shi ne murya mai kaushi. Fim ɗin A Star Is Born na 1976 ya ba shi lambar Golden Globe, amma manyan waƙoƙinsa a bakin wasu suka fi tashe. Johnny Cash ya ɗaukaka "Sunday Mornin' Comin' Down" a 1970. Janis Joplin kuma ta mai da Bobby ta "Me and Bobby McGee" namiji, waƙar ta kai matsayi na ɗaya a 1971. Saboda haka mai nazarin da ya tsaya ga rubutun kaɗai, rabin waƙar ya nazarta.