Hatsin Bara: Tsokaci a Kan Kiɗan Rana na Neman Gudummawa a Majami'un Ingila

Gabatarwa

A garuruwan Ingila akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa, inda majami'u ke buɗe ƙofofinsu da misalin ƙarfe 1:00 na rana, lokacin da ma'aikata ke fita cin abinci, a gabatar da kiɗa da waƙa na kimanin minti 45. Wannan mako a ji mai piyano, wani makon ƙungiyar mawaƙa, wani kuma masu goge ko masu busa. A wurare da dama ba a biyan kuɗin shiga, sai in an tashi a tarar da faranti a bakin ƙofa, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, kuɗin su tafi ga gyaran rufi ko wata hidimar majami'ar. Manufar wannan tsokaci ita ce auna wannan al'ada da ma'aunin da muka saba auna adabi da shi, wato jigo da zubi da tsari. Ra'ayin da za a kare shi ne, neman kuɗi ba ya ɓata fasaha. Abin da ke ɓata ta shi ne raina masu sauraro da mai shirya taro kan yi saboda tsoron kada faranti ya koma wayam.

Tushen Al'adar

Ba banza ba, an ce ruwa ba ya tsami banza. Cocin Ingila na da majami'u kimanin 16,000, kuma fiye da 12,000 daga cikinsu suna cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe ko a sauya musu fasali yadda aka ga dama. A Jamus akwai harajin coci, a Faransa kuwa hukuma ce ta mallaki akasarin majami'un da aka gina kafin 1905. A Ingila nauyin kula da ginin yana wuyan jama'ar da ke ibada a cikinsa, su kuwa sun ragu ƙwarai. Saboda haka dole a nemo hanyar da za ta shigo da wanda ba ibada ta kawo shi ba, kiɗa kuwa shi ne mafi sauƙin hanya.

Fitaccen misali shi ne majami'ar St Martin-in-the-Fields da ke bakin Dandalin Trafalgar a Landan, wadda James Gibbs ya zana, aka kammala gininta a 1726. Ta yi suna wajen taimakon marasa matsuguni tun zamanin limaminta Dick Sheppard, wanda ya buɗe ƙofofinta ga sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A cikinta ne ƙungiyar makaɗan da Neville Marriner ya kafa ta yi wasanta na farko a 1959, kuma gyaran da aka yi mata daga 2006 zuwa 2008 ya ci fam miliyan 36. Ginin da ke da irin wannan ɗawainiya ba zai rayu da baikon ranar Lahadi kaɗai ba.

Zubi da Tsari

Wajibi ne a bambance nau'i biyu na gauraya kiɗa. Na farko shi ne wanda ake yi a tsawon shekara, kowane mako da irin nasa kiɗan. Wannan abin yabo ne, domin yana faɗaɗa kunnen mai sauraro, yana kuma ba matasan makaɗa damar gwada ƙwanjinsu a gaban jama'a. Na biyu shi ne wanda ake cusawa a zama ɗaya: a gutsuro wani yanki daga aikin Bach, a biyo shi da waƙar wani fim, a sako ɗan kiɗan jaz, a rufe da waƙar ibada da kowa ya haddace. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira hatsin bara. Akwai gero, akwai dawa, akwai masara, amma ba gona ɗaya suka fito ba, kuma ƙoƙon mabaraci ne kaɗai ya haɗa su.

Illar wannan tsari ta farko ita ce yanke aiki daga jikinsa. Manyan ayyukan kiɗan Turai an gina su ne kashi-kashi, mai sauri ya share wa mai sanyi fage, mai sanyi ya miƙa wa na ƙarshe. Wanda ya ɗauko kashi mai daɗin kawai tamkar wanda ya ciro baiti guda ne daga tsakiyar doguwar waƙa, ya bar mabuɗi da marufi. Baitin zai yi zaƙi a baki, amma warwarar jigon da ta ba shi nauyi ta salwanta. Illa ta biyu ta shafi ginin kansa. Majami'a mai dogon rufi da bangon dutse tana riƙe amo na ɗan lokaci kafin ya mutu. Wannan na ƙara wa muryoyin mawaƙa armashi, amma yana cakuɗa kiɗa mai sauri da ganguna har ya zama hayaniya. Mai shirya taron da bai saurari ɗakinsa ba kafin ya zaɓi kiɗa, ya yi sakaci da rabin aikinsa.

Hujjar masu hatsin bara ita ce, ma'aikacin da ya saci minti 45 daga ofis ba shi da juriyar kiɗa mai nauyi. Hujja ce mai kama da gaskiya, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba.

Shaidar Tarihi

Tsallaken titi daga St Martin akwai babban gidan adana zane-zane na ƙasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kwashe zane-zanen aka ɓoye, aka kuma rufe gidajen wasa. A wannan hali ne makaɗiyar piyano Myra Hess ta fara shirya kiɗan rana a cikin ɗakunan da suka zama fayau, ranar 10 ga Oktoba, 1939. An ci gaba da yi Litinin zuwa Juma'a har watan Afrilu na 1946, an yi zama 1,698, mutane fiye da 800,000 suka halarta. Kuɗin shiga sule ɗaya ne, ribar kuma ta tafi ga asusun taimakon makaɗa. Ba majami'a aka tara wa kuɗin ba, amma lokacin ɗaya ne, masu sauraron ma irinsu ɗaya ne: akawu da soja da mai shago. Abin lura shi ne, Hess ba ta sassauta musu ba. Ta ba su cikakkun ayyukan Bach da Mozart da Beethoven da Brahms, suka yi ta jerin gwano a ƙofa, har a watannin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan.

Hasali ma, tun kafin nan, shahararren aikin Handel mai suna Messiah an fara gabatar da shi ne a Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, domin tara gudummawa ga asibitoci biyu da kuma fursunonin bashi. An samu kimanin fam 400. Wannan ya nuna cewa sadaka da ingancin fasaha suna iya zama inuwa ɗaya.

Haƙƙin Makaɗi

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wane ne ainihin mai bayar da gudummawar? Sau da yawa makaɗan irin wannan taro ɗalibai ne ko sababbin shiga, waɗanda kan yi wasa kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai sauraro ya jefa 'yan fam, a gode masa, alhali makaɗin ya ba da makonnin da ya yi yana gwaji. A tarukan Hess kowane makaɗi, babba ko ƙarami, fam 5 da sule 5 ake biyansa. Majami'ar da ke wa'azin adalci ya kamata ta fara shi daga kan wanda ke cika mata faranti, ko da kuɗin mota ne da ambaton sunansa cikin masu taimako.

Kammalawa

A taƙaice, kiɗan rana al'ada ce mai amfani, wadda ta hana gine-gine da dama lalacewa, ta kuma kai kiɗa ga kunnuwan da ba za su taɓa sayen tikitin babban zaure ba. Sharaɗin ingancinta uku ne: kowane zama ya kasance da jigon da ya ɗaure sassansa, a zaɓi kiɗan da ya dace da amon ginin, a kuma san haƙƙin makaɗi. Gaurayawa ta tsaya a tsakanin mako da mako. Mai sauraron da aka girmama hankalinsa shi ne zai dawo makon gobe, kuma dawowarsa ce jarin da rufin majami'a ya dogara da shi.