Ɗanɗanon Mai Zaɓe da Makomar Fim ɗin Hausa

A duk bikin baje kolin finafinai akwai wani mutum da 'yan kallo ba su cika sanin fuskarsa ba, alhali shi ne ke riƙe da linzami. Wannan shi ne mai zaɓen finafinan da za a haska. Shi yake tankaɗe da rairaya, kuma abin da ya ratsa rariyarsa shi ake kira “fim mai inganci”. Tun da Hausawa sun ce abincin wani gubar wani, ya dace a tambaya: da wane harshe yake ɗanɗana abin da aka kawo masa?

Tarihi ya nuna alherin zaɓe nagari. A 1972 alƙalan bikin FESPACO na Wagadugu suka ba Umaru Ganda na Nijar babbar kyautarsu, sunansa ya zaga Afirka. Haka kuma fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya shafe shekaru a ma'ajiya har aka kusa mantawa da shi. Sai da aka gyara shi, masu zaɓe suka haska shi a bikin Balin na Jamus a 2018, sannan matasa da yawa suka san da zamansa. Idon mutum ɗaya kan tono abin da ƙura ta binne.

Sai dai wannan ido yana da makantarsa. Mai zaɓe a Turai yakan karkata ga fim mai tafiyar hawainiya, mai nuna fatara da ƙauye, domin hoton Afirka da ya saba gani ke nan. Takwaransa na Kano kuma yakan nemi fitaccen jarumi da Hausar birni. To, a ce wani matashi daga Bakura ko Maradun ya shirya fim kan manoman da madatsar ruwa ta Bakolori ta raba da gonakinsu, da arangamarsu da 'yan sanda a 1980, cikin karin harshen Zamfarawa, ba tare da tauraro ko ɗaya ba. Na Turai zai so ya ga an ƙara kuka, na Kano zai ce ba zai yi kasuwa ba. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu labarin zai salwanta, jikokin manoman a Talata Mafara su ci gaba da kallon rayuwar wasu a wayoyinsu.

Babu mai zaɓen da zai iya tuɓe son ransa kamar riga, kuma bikin da ba shi da ɗanɗano lami ne. Abin da ya wajaba shi ne mai zaɓe ya bayyana ma'auninsa a fili, ya rubuta dalilin ɗaukar kowane fim, a kuma riƙa sauya masu wannan aiki tare da jawo masana daga wajen manyan birane. Bukukuwa irin su Zuma na Abuja da KILAF na Kano suna da damar yin haka. Wanda aka ba amanar zaɓe, tarihin al'umma yake tacewa, kuma hakkinta ne ta san girman idon rariyarsa.