Hanyar Dawaki da Ta Koma ta Masu Tattaki: Nazari kan Bin Gaɓar Kogin Thames a Ƙafa

A Ingila akwai mutanen da ke ɗaukar hutun mako biyu, su rataya jaka, su bi gaɓar kogin Thames a ƙafa tun daga mafarinsa har cikin birnin Landan. Babu fatauci a tafiyar, babu ziyarar dangi. Tafiyar kanta ita ce buƙata. Hanyar, wadda suke kira Thames Path, ta kusa kilomita 300, kuma a 1996 aka buɗe ta a hukumance. Mai kallo daga nesa zai ɗauka son shan iska ne kawai ya haifi wannan al'ada. Amma wanda ya bi tarihinta zai ga cewa gwagwarmaya da doka ne suka kafa ta.

Asalin hanyar ta leburanci ce. A ƙarshen ƙarni na 18 hukumar kula da zirga-zirgar kogin ta gyara turba a bakin ruwa domin dawakin da ke jan jiragen dako da igiya, jiragen da ke ɗauke da gawayin ƙasa da katako da hatsi. Turbar ta tashi daga wajen garin Lechlade ta gangaro har Putney a Landan. Inda mai fili ya hana a ratsa masa, sai a ɗora doki a jirgin fito a haye da shi ɗaya gaɓar. Da jirgin ƙasa ya haɗa Landan da Bristol a 1841, dakon ruwa ya shiga mutuwa. Daga baya masu fito suka watse, turbar ta yanke a wurare da dama.

A nan ne masu son tattaki suka shigo. A Ingila kusan kowane fili yana da mai shi, kuma a wancan zamani talakan birni ba ya taka shi sai da izini. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan don nuna ƙin wannan tsari, har aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1949 majalisa ta yi dokar da ta ba da damar kafa dogayen hanyoyin ƙafa na ƙasa, ta farkonsu kuwa ita ce Pennine Way a 1965. Ta Thames ta sha jira. David Sharp na ƙungiyar masu tattaki ta Ramblers ya shafe shekaru yana bin gaɓar, yana zana taswira, yana matsa wa hukumomi lamba. Sai da aka sasanta da masu filaye, aka gina gadojin ƙafa inda a da jirgin fito yake, irin gadar Temple da aka yi a 1989, kafin guntayen turbar su haɗu su zama hanya guda.

Abin da ya bambanta ta da hawan duwatsu shi ne sauƙinta. Kogi ba ya hawa tudu, don haka tsoho da yaro duk suna iya binta, kuma da wuya mutum ya ɓata tunda ruwan ne jagora. Daɗinta yana cikin yadda ƙasa ke sauyawa a hankali. Mafarin yana wata makiyaya kusa da ƙauyen Kemble, inda aka kafa dutsen shaida, kuma sau da yawa wurin a bushe yake ƙayau, sai an yi 'yar tafiya kafin a ga ruwa. Daga nan sai shanu da gonaki da shiru har Oxford. Ana wuce ƙofofin ruwa 45 da ke ɗaga jirage da sauke su. Ana ratsa Henley mai gasar tseren kwale-kwale, da Runnymede inda Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a 1215. Daga Teddington kogin yana soma cika da janyewa tare da teku, gidaje suna ƙara matsewa, har matafiyi ya tsinci kansa a gaban majalisar dokoki, ya wuce Greenwich, ya isa katangar hana ambaliya ta Thames Barrier. Mai mota yana ganin ƙauye sannan ya ga birni. Mai ƙafa shi ke ganin abin da ke tsakaninsu, wato masana'antun da suka mutu, da gonakin da gini ke ci, da gidajen attajirai masu lambu har bakin ruwa. Ba banza ba aka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Sai dai al'adar tana da gurgunta. Hanyar kanta tana tona asirin wanda ke da iko da ƙasa: a Windsor dole matafiyi ya haye gada ya bar gaɓar, domin filin gidan sarauta a rufe yake. A Landan ma akwai inda gine-gine suke tura shi cikin lungu, ya bar ganin ruwan. Ga tsada. A yawancin Ingila ba a kafa tanti sai da izinin mai fili, ke nan kowane dare sai an biya masauki. Shi ya sa bin ta gaba ɗaya ya fi zama na 'yan fansho da masu albashi mai kauri, sauran jama'a kuwa sukan shiga jirgin ƙasa a ƙarshen mako su yi zango ɗaya su koma gida. Da hunturu kuma ambaliya takan shanye wasu sassan na sama, a rasa wurin sa ƙafa.

Duk da haka akwai abin lura ga mai karatu a ƙasar Hausa. Mun san yadda burtali ke ɓacewa: gona ta ci taku ɗaya bana, ta ƙara baɗi, har a wayi gari babu hanyar shanu, sai rigima. Turbar Thames ma ta kama wannan hanyar lalacewa, abin da ya cece ta shi ne an sa ta a taswira, doka ta tsaya mata, kuma jama'a ba su daina takawa ba. Darajar wannan al'ada ba ta tsaya ga lafiyar jiki ba; kowane mai tattaki yana sabunta haƙƙin jama'a na wucewa. Duk garin da ke da kogi, ya kamata hukumarsa ta shata hanyar bakin ruwa ta rubuta ta a doka tun kafin masu katanga su riga ta.