Ƙwaryar Goro, Buhun Yuriya da Darasin Mol

A darasin kimiyyar sinadarai na babbar sakandare, babu inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe kamar wajen mol. Yadda aka saba koyar da shi sananne ne: malami ya rubuta 6.02 × 10²³ a allo, ya ce a raba nauyin sinadari da nauyin mol ɗinsa, ya ƙara da cewa mol ɗaya na kowace iska yana cika lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi, yara su kwafa su haddace. Ranar jarrabawa kuwa, da an ɗan juya tambaya sai hadda ta watse, yaro ya rasa ko ninkawa zai yi ko rabawa. A ganina matsalar ba taurin darasin ba ce. An fara da lissafi ne tun ba a gaya wa yaro abin da ake ƙirgawa ba, alhali ɗan Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya taso da rabin fahimtar tun daga gida.

Mol ƙidaya ce. Duk wanda aka taɓa aika sayen goron biki ya san ƙwarya guda ɗari ce, ko goron manya ne ko ƙanana, ya kuma san ƙwaryar manya ta fi ta ƙanana nauyi. Mol ƙwarya ce ta ƙwayoyin zarra, sai dai da yake sun yi ƙanƙantar da ba a ganinsu, an sa adadin ya yi girman da sikeli zai iya ji. Shi ya sa mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, abin da bai wuce kurɓi guda ba, na gishiri kuwa giram 58.5, amma adadin ɗaya ne. Su kansu masana sun dawo kan wannan: bayan mol ya shiga jerin ma'aunan duniya a 1971 an jingina shi da giram 12 na kabon-12, amma daga 20 ga Mayun 2019 aka yanke cewa mol adadi ne tsayayye, 6.02214076 × 10²³. Tiya da mudu ma suna da amfani a nan, ta fuskar bambanci: tiyar gero da ta masara cika ɗaya ce, ƙwayoyin ciki ne suka bambanta. Mol akasin haka yake, kuma yaron da ya rarrabe ƙwarya da tiya ya daina rikita adadi da nauyi da cika.

Misalin da ya fi ƙarfi yana jingine a zauren gidajen manoma. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, noman rani, musamman shinkafa, ya zama sana'ar gidaje masu yawa a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ganin buhun takin yuriya ba. A jikin buhun an buga 46. Daga ina ta fito? Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, giram 28 daga ciki naitirojin ne, a raba 28 da 60 sai a sami kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na abin da shinkafa ke nema. A yi wa takin amoniyam salfet wannan lissafin, 28 cikin 132, sai a sami kashi 21, wato buhu biyu nasa ba su kai buhu ɗaya na yuriya ba. Yaron da ya fitar da wannan da hannunsa ya amsa tambayar jarrabawa sukutum, ya kuma riƙe abin da zai iya gaya wa mahaifinsa kafin a je kasuwa.

Wasu malamai za su ce WAEC da NECO da Turanci suke tambaya, ba sa tambayar goro, kuma manhaja tana da tsawo, lokaci ba ya isa. Ƙorafin lokaci gaskiya ne, a wannan yanki ma ya fi nauyi. Bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021 da na makarantar Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, an rufe makarantu, yara sun yi zaman gida. To amma wannan hujja ce ga fahimta, domin hadda ita ce ta fara zubewa idan karatu ya yanke, abin da aka gane kuwa yana jira. Batun harshe kuma, ba a ce a yar da kalmomin littafi ba. A yi darasi ɗaya ko biyu da Hausa har ma'anar ta zauna, sannan a ɗora mata sunanta na Turanci da ƙa'idarta.

Ƙorafin da ya fi cancantar a tsaya masa shi ne cewa kwatance yana iya ɓatar da yaro. Goro ɗari ana iya zubewa a tabarma a ƙirga, mol kuwa ba wanda ya taɓa ƙirga shi ɗai-ɗai, ta awo kaɗai ake isa gare shi. Wannan gyara ne mai kyau, kuma maganinsa sikeli ne. Ko makarantar da ɗakin gwajinta ba shi da kaya tana iya aro ƙaramin sikeli mai batir: a auna ƙwayar wake ɗari, a auna tsibin wake, a sa yara su faɗi yawan tsibin ba tare da ƙirgawa ba, sannan a ƙirga a gani. Daga nan sai a auna giram 58.5 na gishiri da giram 60 na yuriya, a ajiye su gefe da gefe a kan tebur, a tambayi aji me ya haɗa su.